A Fara Sauke Fitila

Ba a son zama kusa da ni in ana kallon fim. 'Ya'yana sun daɗe da sanin haka, har sukan bari sai na tafi unguwa sannan su kunna. Laifina ɗaya ne, ba na iya yin shiru. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da kimiyya a makarantun Damagaram, kuma alli ya bar mini wata cuta: in na ga kuskure sai bakina ya kama ƙaiƙayi. Mota ta buge mutum a ƙafa, sai a nuno shi a gadon asibiti an naɗe masa kai. Likita ya taɓa goshin mace ya ce tana da cikin wata biyu. Ana tafka ruwan sama, ga inuwar kowa kwance a ƙasa, rana tana dukan ƙeyar jarumi. Nakan yi tsaki in faɗi abin da na gani, a ce "Kai Mama, don Allah!", a ci gaba da kallo. Ni ma a raina na san waɗannan ba su kashe kowa ba.

Saboda haka na yi mamaki ranar da ɗan wana ya kawo mini labarin fim ɗinsa ya ce in duba. A hannuna ya yi karatu, tun da aka kawo shi birni daga ƙauyenmu na wajen Guna. Ya fara da ɗaukar bidiyon biki da suna, ya zo ya tara abokai suna yin ƙananan finafinai, yanzu ga shi magidanci da furfura a gemu, yana son yin babba. Ya zauna a tabarma ya tura mini takardun.

"Gwaggo, ki karanta mini da jan bik ɗin nan naki. In an gama zan sa sunanki cikin waɗanda suka ba da shawara."

"Ka san halina dai," na ce.

"Shi ya sa na kawo miki. Gara ki zage ni a gida."

Labarin wani ƙauye ne mai tsohuwar rijiya da aka ce akwai iska a cikinta. Wani mutum ya shiga ciro guga, bai fito ba. Gari ya taru ana salati, kowa yana tsoro. Sai ɗan mai haƙar rijiya ya keto taro, ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zura ciki, can kuma sai ga shi ya fito da mutumin a kafaɗa, ana guɗa.

Na karanta da jan bik, alƙalamina na gyaran jarrabawa, a hannu, kuma Allah ya sani na kawar da kai ga abubuwa da yawa. Ya sa gero ya yi kai a tsakiyar rani, na bar masa. Ya sa walƙiya da tsawa sun zo tare alhali hadarin yana can nesa, na bar masa. Ya sa aljana tana waƙa a ƙasan rijiya, ban taɓa ta ba, don ba ni da rigima da aljana a fim, ta yi waƙarta. Wuri ɗaya kawai na ja layi, inda jarumin ya ɗaura igiya. A gefe na rubuta: ina fitila?

Babanmu mahaƙin rijiya ne, kuma shi ake kira yasar rijiya daga ƙauyukan Guna har wajen Mirya. Ban taɓa ganin ya sa ƙafa a tsohuwar rijiya ba sai ya fara kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata siririyar igiya, ya sauke ta sannu a hankali yana leƙawa. In ta kai ƙasa tana ci, sai ya ce bismillah ya shiga. In wutar ta yi ja, ta tsuke, ta mutu, to ko sarki ne ya aiko ba zai shiga ba. Sai a saro rassan itace masu ganye, a ɗaura, a yi ta zurawa ana fizgowa, a kwara ruwa, a sake sauke fitila. Wani lokaci a wuni ana haka. Mutanen gari su ce akwai iska a rijiyar, suna nufin mutanen ɓoye. Shi kuwa yakan ce, "Ku kun ce akwai iska, ni na ce babu iska. Da akwai ta, da fitila ba ta mutu ba." Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na yi karatu na gane abin da yake gani: ganye da tarkace suna ruɓewa a ƙasa, su cinye iskar shaƙa, wata iska mai nauyi ta kwanta a gurbinta. Ba ta da launi, ba ta sanarwa. Mutum yana sauka sai ƙafafunsa su saki, ko ihu ba ya samun yi. Wanda ya bi shi don ceto, shi ma haka. Fitila ba ta gano kowace irin muguwar iska, wannan na koya wa ɗalibaina, amma ta fi ido nesa ba kusa ba.

Da ɗan wana ya dawo ya ga layin, sai ya yi dariya.

"Gwaggo, fim fa ba aji ba ne. Mutum yana mutuwa a ƙasa, sai jarumi ya tsaya neman ashana? Ai mai kallo ya tashi."

"To ya tashi. Gara ya tashi da ya faɗa rijiya."

"Akwai abin da ake kira 'yancin mai fasaha. Ba dole sai yadda abu yake ba. Ke ma kin bar mini gero a rani."

"Na bar maka, don babu wanda zai kalli fim ɗinka ya tafi gona da lauje a watan zafi. Kowa ya san gero. Ƙasan rijiya fa, wa ya sani? Waɗanda suka sani ba su dawo sun ba da labari ba."

Na gaya masa abin da shi ma ya sani. Finafinan nan ba a birni suke tsayawa ba. Ana tura su daga waya zuwa waya, su kai rugar da ko mota ba ta zuwa. Na ga ɗaurin ɗankwali ya fito a fim, kafin wata ya zagayo ya cika unguwannin Birni da Zango. Na ga samari sun canja tafiya saboda wani jarumi. In ana kwaikwayon tafiya, me zai hana a kwaikwayi tuɓe riga a bakin rijiya? Ranar da abin ya faru a wani ƙauye, saurayin da ke tsaye a wurin ba darasina zai tuna ba, wannan hoton zai tuna.

Ya tattara takardunsa ya ce zai duba. Na san irin wannan "zan duba", na sha jin ta a bakin daraktocin makaranta.

Akwai abin da ni da shi ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba. Ubansa, wato wana, a rijiya ya rasu, shi yana goye. A gidanmu abin da ake faɗa kawai shi ne iska ta kama shi, daga nan a yi addu'a a sauya zance. Haka ya taso yana ji. Ni kuma da nake taƙamar ganin kuskure daga nesa, na karanta labarin nan tun daga farko har ƙarshe ban ga abin da ke gaban hancina ba.

Da lokacin ɗauka ya yi, ba a gayyace ni ba, ni na gayyaci kaina. Na ji za su wani ƙauye gaba da Hamdara, inda suka samu tsohuwar rijiya da aka daina sha tun da aka kafa famfo. Da sassafe na isa inda motarsu take lodi, da jakata, na shige gaba na zauna. Babu wanda ya iya cewa gwaggon mai fim ta sauka. A cikin jakar akwai fitilar ƙwai, da kalanzir a kwalba, da ashana, da igiya.

Muka isa da hantsi. An gama girbi, gonaki duk karan gero ne a tsaye, garin kuwa ya fito kallo har da tsofaffi. Rijiyar tana bayan gari, bakinta da itatuwa biyu da igiya ta yi wa zane, an ce ta kai gaba goma sha biyu. Na leƙa, sai sanyi da warin ruɓaɓɓen ganye. A nan na ji cewa ba dabarar kamara za su yi ba. Da gaske za su zura ɗan wasan ciki, don a ɗauko shi daga sama yana nutsewa cikin duhu.

Sai aka fito da ɗan wasan daga bayan mota, an sa masa 'yar shara da wando iya gwiwa. Dogo ne, baƙi, da wushirya. Sai ka ce wana ne ya dawo. Hoton wana ɗaya ne tak a duniya, na katin shaida, kuma yana manne a bangon ɗakin ɗansa. Yaron nan ya bi gari ne yana neman mai kama da ubansa har ya samu.

Na ji tausayinsa ƙwarai. Amma tausayi bai hana ni abin da na zo yi ba. Da suka fara ɗaura masa igiya, na je na zauna daram a kan itacen bakin rijiyar, na buɗe jaka.

"Gwaggo, mene ne haka? Rana tana tafiya."

"Ta tafi. Ɗan mutane ba zai shiga ramin nan ba sai fitila ta riga shi. In kuwa kana so ya shiga haka, sai ka ɗauke ni da hannunka a gaban jama'a."

Wani dattijo daga cikin mutanen garin, wanda daga baya na ji shi ma ya yi yasa da ƙuruciya, ya matso ya karɓi ashanar da fitilar daga hannuna. Ya kunna, ya daidaita lagwani, ya sauke ta yadda babanmu yake yi, yana sakin igiya kaɗan kaɗan ta tsakanin yatsu. Muka leƙa tare. Wutar ta yi ta ƙanƙancewa da nisa har ta kai kan ruwa. Ba ta mutu ba. Tana can tana ci abinta lafiya lau.

Aka kwashe da dariya. Mai riƙe da kamara ya ce, "Madam, to iskar ta sa mana hannu? Mu shiga?" Wata 'yar wasa ta rufe baki da mayafi. Ba zan ɓoye ba, na ji kunya, kuma a wani lungu na zuciyata na so a ce ta mutu don in ga idonsu. Na yi istigfari a kan wannan daga baya.

"Kin gani ko, Gwaggo?" in ji ɗan wana. "Babu komai."

"Na gani. Yanzu na san babu komai, ɗazu ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Lokaci nawa aka ɗauka? Ko ruwan moɗa ba a gama sha ba. Wannan ɗin nake so ka ɗauka. Ka sa jaruminka ya yi abin da tsohon nan ya yi, sannan ya tuɓe riga ya yi duk jarumtar da kake so."

Ya dube ni, ya dubi mutanensa, ya ce in zo. Muka koma gindin wani gawo nesa da taro. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Gwaggo, tun ina yaro nake ganin abin nan a kaina. Yana shiga, yana fitowa. Ba ya tsayawa, ba ya tsoro. Ke kin san shi, ni ban san shi ba. Abin da nake da shi ke nan. Ko a fim ma ba za ki bar shi ya fito ba?"

Na ce masa ya zauna, zan gaya masa abin da aka ɓoye masa shekara arba'in.

Ranar kasuwar Mirya ce, babanmu ba ya gari. Maƙwabcinmu ya shiga tsohuwar rijiyar bayan gari ciro wasakinsa, gugansa na fata, aka ji shiru. Ina wurin, ina da shekara goma sha uku, na je ɗiban ruwa a wata rijiya ta kusa. Wana ya zo da gudu daga gona. Ya san ƙa'ida sarai, ya sha riƙe wa babanmu igiyar fitila. Na riƙe masa hannu na ce, "Yaya, fitila!" Ya ce, "Je ki ɗauko." Na zubar da tulu na ruga gida. Tana rataye a ƙusa a ɗakin Baba, ashana tana kan taga. Ban tsaya ko sa takalmi ba. Da na dawo, igiya ce kawai a bakin rijiya, maza suna kiran sunansa. Ya aike ni ne don in sakar masa hannu. Da yamma Baba ya dawo, ya karɓi fitilar da har lokacin take hannuna, ya sauke ta. Ko rabi ba ta kai ba ta mutu. Sai washegari aka fito da su biyun.

"Ba aljana ba ce ta kashe ubanka," na ce masa. "Gaggawa ce, da mutanen da ke tsaye suna cewa namiji, namiji. Kai kuma yanzu za ka ɗauki kamara ka shiga cikinsu, ka taya su faɗa. Ka sauke fitila, ka fito da shi sau goma in kana so, ni zan fara guɗa. Amma ba zan sa hannu a nuna wa 'ya'yan mutane cewa abin da ya yi hanya ce ba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, hawaye yana bin gemunsa. Na ɗauka na ci nasara. Sai ya miƙe, ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo. Nawa uban ba ya jira." Ya koma wurin mutanensa. Ina zaune a gindin gawon na ji ya ɗaga murya ya ba da umarni, aka zura ɗan wasan, aka fito da shi, aka sake, har sau huɗu. Matan garin da aka ce su yi guɗa suka yi ta yi. A hanyar dawowa ba wanda ya yi mini magana a motar, ni ma ban nemi kowa da ita ba.

Da fim ɗin ya kusa fita, ya aiko mini da jerin sunayen da za su bi ƙarshe, nawa yana ciki, har da "malamar kimiyya" a gabansa. Na kira shi na ce ya cire. Ya ce girmamawa ce. Na ce na gode, amma duk wanda ya ga sunana a wurin zai ɗauka na duba na yarda, kuma ban yarda ba. Ya cire. Tun daga ranar bai tako gidana ba. Da salla matarsa ta zo da yara, ta ce yana gaishe ni, aiki ne ya yi masa yawa. 'Yan uwa sun yi ta zuwa suna cewa in sassauta, wai fim ne kawai, wai na tsufa da taurin kai. Na ce musu taurin kan ba yau ya fara ba, kuma ba a kansa zai ƙare ba. Ina kewarsa ƙwarai, wannan ban ɓoye wa kowa ba. Ni na yi masa wanki, ni na raka shi jarrabawa. Amma in sai na ce baƙi fari ne zai dawo, to ya yi zamansa.

Na kalli fim ɗin ni kaɗai a waya. Ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Aljanar ma ta iya waƙa. Da aka zo inda kan mai wushiryar nan ya ɓullo daga bakin rijiya, jiƙe da laka, yana haki yana murmushi, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Na share ido na ce, duk da haka ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ake binne mutane a kanta.

Bayan watanni na je ƙauye gaisuwar rasuwa, na sauka wurin uwarsa, matar wana. Ta tsufa, ido ya yi rauni, ba ta da babbar waya. Bayan la'asar muna zaune a inuwar rumbu ta ce, "An ce ɗan naki ya yi sinima." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Na ce ya yi. Ta ce, "An ce kun ɓata a kai." Na ce haka ne. Ta ce in nuna mata.

Na so in ƙi, amma ba ni da wannan ikon. Na riƙe mata wayar kusa da fuska. Ta yi ta kallo har aka zo wurin rijiya. Da ya fito, sai ta kama wuyan hannuna ta ce, "Mayar." Na mayar. Ya sake fitowa. Ta ce in ƙara. Sau uku ina mayar mata, tana kallon mijinta yana fitowa daga rijiya, bakinta yana motsi.

A na huɗu ta ce in ƙara mayarwa baya, tun daga inda ya keto taro. Ta ƙura ido sosai, tana neman wani abu a gefen hoton. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya, ya zura ƙafa.

"Ke ba ki a ciki?" ta ce.

"Ba ni, Yaya."

"A nan ma bai jira ki ba ke nan."

Na ce bai jira ba. Ta saki hannuna, ta jawo bakin zane ta rufe fuska. Na kife wayar a kan tabarma, na ce mata ina son wana kamar raina, amma har in koma ga Allah ba zan ce ya yi daidai ba.